Hasashen ruwa da yanayi: tambayoyin da ake yawan yi min a Kano da amsoshinsu

Ni malamin jogurafi ne a wata sakandare a nan cikin gari, muna kuma da 'yar gona ni da yayana a wajen Kura. Duk shekara da zarar bazara ta kama, daga majalisarmu ta bayan la'asar har ɗalibai har iyayensu, tambayoyi kusan iri ɗaya ake min a kan masu hasashen nan. Shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda in amsa iya abin da na sani.

Wai su waye ma suke wannan aikin a Najeriya?

Hukumomi biyu ne manya, kuma mutane suna yawan haɗa su. Akwai NiMet, ita ce mai kula da sama, wato ruwan sama da zafi da iska da hazo. Dokar 2003 ce ta kafa ta a matsayin hukuma, tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama. Sai NIHSA, wadda dokarta ta zo a 2010, tana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa, ita kuma aikinta ruwan da ya riga ya sauko ne, na kogi da na dam da na ƙarƙashin ƙasa. A farkon kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, yaushe ake sa ran ruwa zai kankama a kowane yanki, yaushe zai ɗauke, nawa zai kai, ita kuma NIHSA ta biyo baya da nata hasashen na ambaliya, ta lissafo ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NEMA da SEMA da muka fi sani ba sa aunawa, nasu aikin kai ɗauki ne. Sannan a nan Kano muna da hedkwatar hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are, mai riƙe da dam ɗin Tiga da na Challawa.

Ya ake auna ruwan sama, kuma meye wannan milimitar da suke faɗa?

Abin bai da wuya ko kaɗan. Gwangwani ne na ƙarfe da mazurari a bakinsa, ana kafa shi a fili inda babu bishiya ko gini da zai tare, ruwa ya zuba ya taru a kwalbar da ke ciki, da safe ma'aikaci ya zo ya juye a wani kofin gilashi mai layi-layi ya karanta ya rubuta a littafi. Gefensa akwai wani farin akwati mai tagogi kamar kejin kaza, a kan ƙafafu, a ciki ake ajiye ma'aunin zafi don kada rana ta buge shi kai tsaye. Na taɓa kai ɗalibaina suka ga irin wannan, wata yarinya ta ce "Malam, wai dama wannan ɗan gwangwanin ne duk labarin?" Na ce mata eh shi ne, amma ki sani an fara rubuta ruwan Kano tun 1905, kullum sai wani ya fito ya duba, da azumi da sallah da ranar da ba a samu ko ɗigo ba, don sifirin ma rubuta shi ake yi.

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. To idan ka ji an ce an yi milimita 50 a dare ɗaya, ka ɗauka jarka biyu ta lita 25 aka juye a kan kowane ɗan wurin da bai fi shimfiɗar dadduma ba, a duk faɗin unguwa. Kano a shekara takan samu wajen milimita 800 zuwa 900, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Yanzu an ƙara da na'urori masu aika bayani da kansu, da balan-balan da ake saki sama ɗauke da ma'auni, da tauraron ɗan Adam da ke ɗaukar hoton gajimare, amma duk da haka hoton sama sai an gwada shi da abin da gwangwanin ƙasa ya nuna kafin a yarda da shi.

Malam, wannan ba shiga gaibu ba ne?

Wani dattijo da muke sallah tare ne ya fi yi min wannan tambayar, kuma ina girmama ta. Na ce masa Baba, ku da kanku in kun ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, zufa tana karyo wa mutum, ai cewa kuke a kwashe shanya hadari ya haɗo. Ba wanda ya ce kun san gaibu, alama kuka karanta. Manomanmu na da suna lissafin taurari, suna kallon dawowar shamuwa, suna lura da juyawar iska daga ta gabas zuwa ta kudu mai danshi. Masu hasashen nan alamar suke karantawa su ma, sai dai idonsu ya fi nisa, don suna ganin hadarin tun yana can wajen Chadi kafin ya iso mana. Saukar da ruwa na Allah ne, kuma hasashe bai hana a fita sallar roƙon ruwa ba. Ni abin da na riƙe shi ne ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam: da aka san shekarun yunwa na tafe ba a naɗe hannu ba, tanadi aka yi.

To meye haɗin wannan da sauyin yanayi da ake ta taro a kansa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min. Kowa a Kano zai ce maka zafin yanzu ya fi na da, damina ta rikice. Wataƙila gaskiya ne, amma tunanin ɗan Adam yana da mantuwa, shekarar da ta ba mu wuya ita muke tunawa. Ba za ka iya cewa abu ya canja ba sai kana da yadda yake a da a rubuce. Masana sun yi ittifaƙi sai an haɗa shekara 30 kafin a ce ga yanayin wuri, wanda ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020, da shi ake gwada kowace sabuwar shekara a ce ta wuce ƙa'ida ko ta gaza. Ka ga kenan duk wata magana ta sauyin yanayi, tun daga yarjejeniyar Paris ta 2015 har zuwa dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a 2021, a kan littafin wancan ma'aikacin mai juye gwangwani take tsaye.

Kuma ba maganar takarda kawai ba ce. Injiniyan da zai gina kwalbati a Gyaɗi-Gyaɗi ko gada a hanyar Wudil sai ya san ruwa mafi ƙarfi da ake iya samu kafin ya yanke girman bakinta, in ya yi aiki da lissafin shekarun fari to duk damina ruwa zai riƙa bi ta sama. Masu shuka bishiyoyin ganuwar nan ta hana kwararowar hamada, wadda Kano tana cikin jihohi 11 da ta shafa, suna buƙatar sanin inda dashe zai rayu. Masu binciken iri a cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta BUK da tashar cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Kano, da tsawon damina suke aiki, kwana nawa iri zai nuna. Har mai kafa sola yana son sanin kwana nawa hazo ke rufe rana. Duk mutanen nan daga rijiya ɗaya suke ɗiba, in babu awo to kowa lalube yake a duhu, kuma kuɗin jama'a ake kashewa a laluben.

Da gaske yanayin Kano ya canja, ko dai zance ne?

Ya canja, amma ba yadda mutane suka zata ba. Shekarun 1950 ruwa ya wadata, lokacin dalar gyaɗa kenan. Sai ya yi ta raguwa har aka shiga farin 1973, aka sake shiga na 1983 da 1984, iyayenmu har yau in suna labarin sai ka ga fuskarsu ta sauya. Daga shekarun 1990 ruwan ya farfaɗo, sai dai ba irin na da ba ne. Masu bincike sun nuna manyan hadari masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda sun ƙaru sosai a yankin Sahel tun shekarun 1980. Wato jimillar shekara tana iya yin kyau a takarda, amma a gona abin da ka gani shi ne kwana goma sha biyar babu ɗigo, sannan dare ɗaya a sauke maka na sati uku, ya kwashe taki ya kwantar da gero. Zafi kuma ya ƙaru, musamman na dare, kowa shaida ne a watan Afrilu in babu wuta, a tsakar gida ma barci gagara yake.

Sau nawa suna cewa za a yi ruwa ba a yi ba, me ya sa zan yarda da su?

Hakan na faruwa, ba zan musa ba. Amma ka lura da irin ruwanmu, ana iya tafka shi a Sabon Gari har mota ta kasa wucewa, ɗan'uwanka a Panshekara ya ce maka ko yayyafi ba su gani ba. Hadarinmu tsibi-tsibi yake sauka, don haka idan an ce akwai yiwuwar ruwa a Kano ba ana nufin ƙofar gidan kowa ba. Na biyu, tashoshin awo sun yi kaɗan, Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancinsu, kwamfutar da ke lissafin kuma abin da aka ba ta shi take dafawa. Hasashen kwana ɗaya zuwa uku ya fi ƙarfi, na damina baki ɗaya kuwa ƙiyasi ne na inda abin ya fi karkata. Maganin kuskuren a ƙara tashoshi ne, a gyara waɗanda suka lalace, a biya ma'aikata haƙƙinsu. A Afrilun 2025 da ma'aikatan NiMet suka shiga yajin aiki sai da kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa, a ranar mutane da yawa suka fara sanin akwai masu wannan aikin.

Ni manomi ne, me hasashen zai ƙare ni da shi?

Bari in ba ka abin da ya same mu. Wata shekara aka yi wani ruwa mai kyau a tsakiyar Mayu, ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya tashi, Yaya ya kira ni tun asuba ya ce "kai, maza ka taho da irin nan, kowa ya fita shuka." Na ce Yaya ko mu ɗan jira, ya ce "kai da ka saba da alli me ka sani a gona." Muka shuka, masara ta fito tsaf gwanin sha'awa, layi-layi kore shar, daga nan sama ta ɗauke kusan sati uku. Na je na tarar ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, in ka taɓa sai ya kakkarye a hannu, Yaya yana tsugune a kan kunya bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da muka sake sayen iri, muka sake biyan 'yan ƙwadago. Ruwan farko ba shi ne kankamar damina ba, kuma abin da hasashen farkon shekara yake ƙoƙarin faɗa maka kenan, ranar da ake sa ran ruwa zai zauna, da lokutan da ake tsoron zai yanke a tsakiya. In ka san daminar za ta zama gajera sai ka nemi iri mai saurin nuna, in ka ji gobe za a yi ruwa mai ƙarfi ba za ka watsa taki yau ba, da tsadar da buhu yake yi yanzu, haka feshi. Masu shanyar shinkafa da barkono a bakin titi su ma sun san darajar labarin kwana ɗaya.

Duk sanda Jigawa ta cika sai a ce an saki ruwan Tiga, gaskiya ne?

Tiga an gama ta a 1974 zamanin Audu Baƙo, a kan kogin Kano, ita ce take ba Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ruwan noman rani. Challawa kuma tana Ƙaraye, an kammala ta a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa su zama kogin Hadejia, ya bi ta Wudil da Ringim ya shiga fadamar Hadejia da Nguru, abin da ya rage ya nufi tafkin Chadi. Idan dam ta cika dole ruwa ya fita ta mafitar da aka gina mata, ba wai wani ne ya tashi da mugunta ya buɗe ba, hana shi fita ma ya fi haɗari, waɗanda suka ga ɓallewar Bagauda a Agustan 1988 sun sani, haka mutanen Maiduguri da Alau ta ci su a Satumban 2024. Sannan a can ƙasa yashi da ciyawar kacala sun toshe hanyoyin ruwa, ga ruwan da ke sauka a kan su kansu garuruwan. Abin da awo yake yi a nan shi ne, in ana karanta tsayin ruwa kullum a dam da kuma a gadoji, kuma ana da hasashen ruwan sati mai zuwa, za a iya rage ruwan kaɗan-kaɗan tun kafin ta cika, kuma a aika wa Auyo da Kafin Hausa da Hadejia saƙo tun ruwan yana hanya, don kwanaki yake yi kafin ya isa. Haka matsalar take a babban mataki tsakaninmu da dam ɗin Lagdo ta Kamaru a kan Binuwai, wadda sunanta ya fito a ambaliyar 2012 da ta 2022 da ta kashe sama da mutum 600. Ruwa bai san iyakar ƙasa ba, shi ya sa ake musayar bayanai da cibiyoyi irin AGRHYMET ta Yamai, mai bibiyar yanayi da ruwa da noma a yankin Sahel.

Ambaliyar cikin gari fa, kamar wadda ta shiga Kantin Kwari?

Ta 2022 kake nufi, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfofi da shadda na maƙudan kuɗi. Nan kam rabin laifin namu ne, ba na sama ba. Kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin birni su ne matattarar ruwa, mun cike su mun yi gini, mun toshe kwatoci da leda da robar ruwa, kwarin Jakara ya zama bola. Hasashe ba zai yashe maka kwata ba. Abin da zai yi shi ne ya ba ɗan kasuwa awanni ya ɗaga kaya sama, ya ba mai gidan ƙasa dama ya kwashe yara daga ɗakin da katangarsa ta tsage. An yi ƙiyasin cewa gargaɗin awa 24 kacal yana iya rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin kowa a duniya ya samu irin wannan gargaɗin kafin ƙarshen 2027.

Hazo da zafi su ma ana hasashensu?

Sosai. Ƙurar hunturunmu mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, ana ganin tashinta kafin ta iso, shi ya sa ake iya gaya wa filin jirgin Malam Aminu Kano da masu asma su shirya. Zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 kuma lokacin sanƙarau ne, hasashen shekara yakan haɗa da yankunan da ke cikin haɗarinsa da na zazzaɓin cizon sauro, don asibitoci su yi tanadi.

Rijiyarmu ta ƙafe, burtsatsen maƙwabta ma sai an ƙara zurfi. Wannan ma sauyin yanayi ne?

Wani ɓangare. Babban dalilin dai mun yi yawa, kowane gida da ya samu hali sai ya haƙa nasa saboda famfo ba ya zuwa, mun kuma shafe ƙasa da siminti ruwan sama ba ya samun inda zai nitse. Ga shi yawancin birnin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasansa ba mai yawa ba ne. Wannan shi ne awon da a ganina aka fi sakaci da shi, muna ta ɗiba daga asusun da ba mu duba abin da ya rage. Ɗan garuwar unguwarmu ya fi kowa sanin wace rijiya ce ta fara ja baya a watan Afrilu, don shi ne yake ƙara nisan turin kura.

Ana cewa akwai kuɗin da ƙasashen waje za su bayar, ina ruwan awo da shi?

Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma mu muke shan wuya. A taron Masar na 2022 aka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna. To duk wanda zai nemi haƙƙinsa sai da hujja, ruwa nawa ya sauka, ya bambanta da na da ko bai bambanta ba, hekta nawa ta nutse. Inshorar manoma da ake ta magana ita ma da awon ruwan yankinka ake yanke ko za a biya ka.

A ina zan samu hasashen, kuma da wane yare?

NiMet tana sa na kwana uku a shafukanta na intanet da Facebook, gidajen rediyo suna karantawa wani lokaci, kuma a 'yan shekarun nan ana fassara na damina zuwa Hausa. Amma a nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Ana ƙaddamar da littafin a babban ɗakin taro a Abuja, a ɗau hoto, Yaya kuwa da ya fi kowa buƙata wayarsa ƙarama ce mai tocila, rediyonsa ne abokin hirarsa. Ina so in ji ana faɗar hasashen ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma bayan labaran safe, malaman gona su kai shi kasuwar ƙauye, a ba limamai da masu unguwanni su sanar, kuma kowace sakandare a jihar nan ta samu gwangwanin awo nata, yara su riƙa rubutawa. Mu a makarantarmu mun haɗa namu da robar lemo da aka yanke da rula, yara biyu ne suke dubawa kowace safiya kafin asambuli, suna rubutawa a bayan wani tsohon littafin rajista. Bana da aka yi ruwan farko Yaya ya kira ni kafin ya taɓa iri, ya ce "Malam, me mutanenka suka ce, mu fita ko mu dakata?" Na ce mu ba shi kwana goma, ya ce to, a bar irin a ɗaka.